Yadda Na Yar da “Yanzu” a Cikin Saƙon Baba

 

Da aka ce kowa a ajinmu ya kawo rubutu don ɗan littafin bana, sai na ce ni a kan darasin Ingilishi zan rubuta. Ƙawayena suka fashe da dariya, don kowa ya san ba ni ce gwanar Ingilishi a ajinmu ba. Suna da gaskiya. Amma akwai darasi guda ɗaya da na riƙe riƙo mai kyau, wanda Mushe yake kira simple present, kuma na riƙe shi ne saboda ya kusa raba Baba da abokiyar cinikinsa ta shekara goma sha ɗaya. Na nemi izinin Baba kafin in rubuta, ya ce in rubuta, ko wani yaro ya amfana.

Mahaifina ɗan kasuwar albasa ne a nan Ƙonni. Lokacin girbi yakan zagaya Galmi da Tsernawa da ƙauyukan da ke kewaye ya sayi albasa, irin jar nan da aka san Galmi da ita. Wata ya zuba a rudu ya jira ta yi daraja, wata kuma ya haɗa kai da abokansa su cika kamiyo a kai Gana, ko Ankara ko Kumasi. A Kumasi akwai wata mata da take saye a hannunsa tun ina ƙarama. Mu a gida Mame muke ce mata, don haka ake kiran manyan mata a can. Cinikinsu na amana ne. Ana sauke mata buhuna, ta sayar, ta aiko da kuɗi. Baba ya sha faɗa a gabanmu cewa ko dala ɗaya ba ta taɓa cinye masa ba.

Mame ba ta jin Hausa sai ta gaisuwa da ta ƙirga kuɗi. Baba kuma ba ya jin Ingilishi, balle yaren Asante. Wanda yake tsakaninsu shi ne Baba Ƙarami, ƙanin Baba, da ya daɗe zaune a Kumasi. A farkon damina ta 2023 ya dawo gida ba lafiya, bai yi wata biyu ba Allah ya karɓi abinsa. Bayan an share makoki, saƙonnin Mame suka ci gaba da shigowa wayar Baba ta WhatsApp, da Ingilishi. Yayyena maza biyu ba su yi lakwal mai nisa ba. Sai Baba ya dube ni ya ce, “Uwani, ba ana koya muku Ingilishi ba? Taho ki karanta mini.” Uwani yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni. Daga ranar na zama magatakardar Baba, alhali shekara biyu kacal na yi ina koyon harshen.

Bari in koma baya kaɗan in faɗi yadda muka fara haɗuwa da wannan darasi, don ƙannenmu na ajin farko na kwaleji su san ba su kaɗai suka sha wuya ba.

Mu ƴan Faranko-Arab, kafin mu zo ga Ingilishi mun riga mun sha jujjuya fi’ili har mun gaji. A Larabci mun haddace mudari’i da haruffansa huɗu, alif da nun da ya da ta: abi’u, nabi’u, yabi’u, tabi’u, har siga goma sha huɗu. A Faransanci mun haddace je vends, tu vends, il vend, nous vendons, vous vendez, ils vendent. Ranar da Mushe ya rubuta mana na Ingilishi a allo, sai muka ga abin kamar wasa: I sell, you sell, we sell, they sell, duk kalma ɗaya. Sai he, she da it kaɗai ke ɗaukar ƙarin harafi guda, he sells, she sells. Wani yaro a bayan aji ya ce, “Mushe, shi ke nan duka?” Mushe ya yi murmushi ya ce, “Shi ke nan. Amma wannan ƴar wutsiyar za ta kayar da rabin ajin nan.” Wutsiya yake kiran harafin s ɗin, kuma duk wanda ya yar da ita a jarrabawa rabin maki ne ya tafi.

Haka kuwa aka yi. Daga baya na gane abin da ke rikita mu. A je vends, tu vends, il vend, “ni” da “kai” ne ke da s, “shi” ba ya da ita. Ingilishi kuma ya juya abin gaba ɗaya, “shi” da “ita” ne masu s. Hannunmu ya riga ya saba da na Faransanci. Ga kuma wani ruɗani: s a kan suna tana nufin abu da yawa, amma a kan fi’ili tana bin mutum ɗaya. The trader sells, ɗan kasuwa guda. The traders sell, ƴan kasuwa da yawa. Kamar s ɗin guda ce tilo a gidan, in suna ya ɗauka fi’ili ya rasa.

Da muka fara sabawa, sai aka kawo mana do da does, na tambaya da na korewa. Mushe ya ce wutsiyar ƙaura take yi. Da zarar does ya shigo, shi ke ɗauke da ita, fi’ili ya koma tsirara: he sells, amma he doesn’t sell, does he sell? Na sha jan bik a kan “he doesn’t sells” har kayena ya yi kamar an yanka kaza a kai. Na yi fushi, na zauna na cika shafi uku da jimloli, har hannuna ya daina kuskure. A ƙarshen shekara ta biyu, in dai a kan wutsiya ne da do da does, ba a kama ni. A zatona na gama da simple present. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina abin da yake nufi ba. Sunansa ya nuna lokacin yanzu, ni kuma na ɗauka duk maganar da ake yi yanzu shi ake sawa.

Kowa a garin nan ya san abin da ya biyo bayan 26 ga Yuli 2023. CEDEAO ta sa wa ƙasarmu takunkumi, aka rufe iyakarmu da Najeriya, aka rufe ta Gaya da Malanbil wadda motocin albasa da yawa ke bi su ratsa Benin da Togo su shiga Gana. Najeriya ta yanke kuran. Baba yana da kaso a cikin wata kamiyo da ta maƙale a hanya, kuma albasa ba ta jiran a sasanta. Abin da aka ceto bai kai rabi ba. Manoman da ya ɗauki kayansu suna jiran kuɗinsu. A watannin nan na ga Baba yana zama a tabarma bayan isha’i ba ya magana da kowa.

A farkon Oktoba, mako guda da komawarmu lakwal, saƙon Mame ya shigo da magariba. Ta gaishe da Baba, ta ce ta ji wasu direbobi sun fara bi ta Burkina, tana son buhu arba’in, za ta biya bayan ta sayar kamar yadda aka saba. Na fassara masa. Ya yi shiru, sannan ya ce:

“Ki gaishe ta ƙwarai. Ki ce ta yi haƙuri, yanzu ba ni ba da bashi, sai abubuwa sun daidaita.”

Wayar saura kaɗan ta mutu, ga babu kuran. Ban san yadda ake cewa “sai abubuwa sun daidaita” ba. Na ce a raina bari in rubuta abin da na tabbatar da shi. Na rubuta:

Good evening Madam. Sorry. My father doesn’t give credit.

Kafin in tura na duba sau biyu. My father daidai yake da he, don haka doesn’t. Bayan doesn’t babu wutsiya, don haka give. Wallahi har wani daɗi na ji, na ce da Mushe zai gani da ya ba ni maki cikakke. Kalmar “yanzu” da Baba ya faɗa kuwa ban sa ta ba, don a ganina ai simple present ɗin ya riga ya ɗauke ta.

Amsa ta zo nan take, kalma biyu: Since when? Wato, tun yaushe? Ina cikin gaya wa Baba wayar ta ɗauke. Washegari da aka karɓo ta daga wurin mai caji, sai muka tarar da wani saƙon: Ok. Thank you. God bless you. Na fassara, Baba ya ce, “Alhamdu lillahi, ta fahimta.” Aka bar maganar.

Mako ɗaya, mako biyu, ba Mame ba labarinta. Da ma takan aiko da gaisuwa kowace Juma’a, ko babu ciniki. Baba ya sa na gaishe ta sau biyu, aka ga ta karanta, ba ta amsa ba. A mako na uku wani direba da ya dawo daga Kumasi ya zo gaishe da Baba. Ina zaure ina ba su ruwa na ji yana cewa, “Alhaji, mi ya haɗa ka da Mame? Ta ce shekara goma sha ɗaya kuna tare, ɗan uwanka na rasuwa ka sa yarinya ta gaya mata kai ba ka ba da bashi, kamar yau ka fara ganinta.” Baba ya ce, “Ni? Ni na ce haka?” Ya juyo ya dube ni. Na ce, “Baba, abin da ka ce shi na rubuta.” Kuma a lokacin har zuciyata haka na yarda.

Bayan kwana biyu muna da Ingilishi. Mushe yana yi mana bitar darussan baya, sai ya rubuta jimla biyu a allo, ɗaya a kan ɗaya:

I don’t drink tea.
I am not drinking tea today.

Ya ce wa zai faɗi bambancinsu. Wata ta fassara da Faransanci, je ne bois pas de thé, ta ce duk ɗaya ne, sai dai ta biyun tana da “yau”. Mushe ya girgiza kai. Shi ba ya yawan yi mana Hausa a aji, amma ranar ya ajiye alli ya ce:

“Ku saurara. In baƙo ya zo gidanku kuka kawo mai shayi ya faɗi ta farko, to kada ku sake dafa mai, ko gobe ko baɗi. Ya gaya muku halinsa ne, shi ba mashayin shayi ba ne. In ya faɗi ta biyu, wataƙila cikinsa ke ciwo, gobe ku kawo mai zai sha. Ta farko ta kullum ce, ta biyu ta ɗan lokaci ce.”

Sai ya ci gaba da bayani. Ya ce Faransanci ba ya raba su, je vends yana iya zama sana’ata ce sayarwa, yana iya zama ga ni a kan sayarwar. Mudari’in Larabci ma haka, yabi’u yana ɗaukar duka biyun, har ma da abin da ke tafe. Hausa ce ta raba su: “nakan sayar” daban, “ina sayarwa” daban. Ya ce masu nahawun Hausa suna kiran na farko lokaci sabau, na biyu lokaci mai ci. Sai dai mu a bakinmu ba mu cika amfani da “nakan” ba. Mukan ce “Baba yana saida albasa” ko muna nufin sana’arsa, ko muna nufin yana kasuwa a wannan sa’ar, mai sauraro ya gane daga yanayin maganar. Ingilishi ba ya barin mai sauraro ya yi wannan aikin. Tun daga siffar fi’ili mai magana yake zaɓa. Ya ce sunan simple present yana yaudarar ɗalibai, don yawancin aikinsa a kan abin da aka saba ne da abin da yake tabbatacce: the sun rises in the east, rana daga gabas take fitowa, onions grow well in Galmi, albasa tana yi sosai a Galmi.

Ban ji sauran darasin ba. Jikina ya yi sanyi, jimlata kawai nake gani a gabana. Da aka tashi na tsaya har kowa ya fita, na rubuta ta a bayan kayena na kai masa. Ya karanta ya ce, “Babu kuskure. Wa ya rubuta?” Na ce ni ce. Na ba shi labari tun daga farko. Ya ce in maimaita masa maganar Baba kalma da kalma. Da na zo kan “yanzu” sai ya ɗaga hannu.

“To ina yanzun a nan?”

Na yi shiru.

Ya ce, “Kin san allon nan da masu shago ke liƙawa, wanda aka rubuta BA BASHI? Shi kika aika mata. Kin gaya mata wannan dokar babanki ce, a kan kowa, kullum. Ita kuma ta san shekara da shekaru yana ba ta. To me za ta ɗauka, in ba cewa ya daina yarda da ita ba?”

A nan na fahimci tambayarta ta “tun yaushe”. Ashe ba kwanan wata take nema ba, mamaki take yi.

Tafiyar da na yi daga lakwal zuwa gida ranar ita ce mafi tsawo a wurina. Ba wanda ya san laifina ne sai ni da Mushe. Baba ba ya karanta Ingilishi, ba zai taɓa ganowa ba. Har na fara raya wa kaina cewa in yi shiru, wata rana za su shirya da kansu. Amma na tuna yadda ya dube ni a zaure, da yadda na ce masa abin da ya ce shi na rubuta. Na fara gaya wa Inna a madafa. Ita ba ta san do ba ta san does ba, amma ta gane nan da nan. Ta ce, “Wato an aike ki da goro kin kai barkono. Tashi ki gaya mai tun bai ji daɗewa ba.”

Na same shi bayan isha’i. Na durƙusa na yi bayani iya yadda zan iya: cewa a Ingilishi akwai hanyar faɗin abin da mutum yake yi kullum, akwai ta faɗin abin da yake ciki na ɗan lokaci, ni kuma na ɗauki ta kullum. Na jira faɗa. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, “Magana zarar bunu ce, Uwani. Amma tunda kin san inda ta ɓace, ke za ki gyara. Ki rubuta, ki kai ma malaminku ya duba kafin a tura. Kuma ki ce mata kuskuren daga gidana ya fito, ina ba ta haƙuri.”

Na kwana ina rubutu da fitilar hannu. Da safe na kai wa Mushe. Kun san wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Saboda tsoron simple present sai na bi kusan kowane fi’ili na liƙa masa ing. Na rubuta “He is trusting you” da “He is knowing you”. Mushe ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya ce akwai fi’ilan da ba aikin hannu ba ne, na zuciya ne da na sani, irin know, want, need, like, believe, understand. Waɗannan a simple present suke zama ko da a wannan sa’ar ake nufi: I know, I want, I understand. Ya ce trust ma a irin wannan magana haka yake. Kuma ya ce in lura, in na rubuta “he is trusting you” kamar na mai da amanar ta ɗan lokaci ce, alhali ita ce abin da nake son in nuna mata tana nan daram. Muka gyara tare. Ga abin da aka tura:

Good morning Madam. I am Alhaji’s daughter. The mistake is mine, and my father asks you to forgive us. He knows you and he trusts you. He gives you credit every season, and you always pay. He is not giving credit this month because he is still paying for the onions we lost on the road.

Ga iyayenmu da ba su jin harshen, ma’anarsa ita ce: ni ce ɗiyar Alhaji, kuskuren nawa ne, Baba yana neman gafararki. Ya san ki, ya yarda da ke. Yakan ba ki bashi kowace kaka, ke kuma kullum kina biya. A wannan watan ne kawai ba ya bayarwa, don har yanzu yana biyan kuɗin albasar da ta lalace a hanya.

Ku duba ku gani, ƴan uwana. Duk abin da yake tsayayye tsakaninsu, knows, trusts, gives, pay, yana simple present. Matsalar da ta zo za ta wuce ita ce ta ɗauki is da ing. Da tun farko na rubuta “he is not giving credit now”, da duk wannan bai faru ba.

Ba ta amsa ba ranar. Washegari da la’asar sai ga kira. Ta yi ta magana da Baba da ƴar Hausarta ta kasuwa, “Alhaji, sannu, sannu, ba komi,” shi kuma yana “Madalla, Mame, madalla.” Daga baya ta rubuto cewa da ta san halin da yake ciki, da ta biya rabin kuɗin buhu ashirin a hannu, amma ta riga ta saya wurin wani. Wannan cinikin ya wuce ke nan, a lokacin da Baba yake tsananin bukatarsa, kuma har yau in na tuna sai in ji nauyi. Da albasar 2024 ta fito suka koma ciniki kamar da. A ƙarshen saƙonta takan sa a gaishe da “my secretary”, wato ni.

Tunda ɗan littafin nan ƙannenmu ma za su karanta, bari in bar musu abin da na tara, a taƙaice.

Kafin ka rubuta jimla, ka fara tambayar kanka da Hausa: kullum ne ko yanzu ne? In za ka iya sa “nakan” ko “yakan” maganar ta zauna daidai, to simple present ne. My mother cooks rice on Fridays, Inna takan dafa shinkafa ran Juma’a. In kana iya nuna abin da yatsa ka ce ga shi ana yi, ko na ƴan kwanakin nan ne kawai, to am, is ko are ne da ing. My mother is cooking rice, ga Inna can tana dafa shinkafa. Kalmomi irin always, usually, often, sometimes, never, every day, abokan simple present ne. Now, today, this week sun fi tafiya da ɗayan.

Sai ka duba wutsiya. He, she, it, ko sunan mutum ɗaya ko abu ɗaya, suna ɗaukar s. In fi’ilin ya ƙare da s, sh, ch ko x, ana sa es: passes, washes, teaches, fixes. Haka go da do suke zama goes da does. In ya ƙare da y kuma akwai baƙi kafin ta, y ɗin ta koma ies: carry, carries, study, studies. In wasali ne kafin ta, s kawai: buy, buys, pay, pays. Have kuma has yake zama. A tambaya da korewa, does ya ɗauke wutsiyar: does she pay, she doesn’t pay.

Akwai wurare biyu da na koya daga baya a cikin aikin Baba. Abin da aka tsara wa lokaci, kamar tashin mota ko fara jarrabawa, ana faɗinsa da simple present ko da gobe ne: the bus leaves at six tomorrow, mota za ta tashi ƙarfe shida gobe. Haka kuma bayan when da if, in ana maganar abin da ke tafe, ba a sa will: I will call you when the lorry arrives, zan kira ki in kamiyo ta iso. Mu da muka saba da Faransanci nan ma mukan faɗi, don shi bayan quand lokaci mai zuwa yake sawa.

Abu na ƙarshe ba na nahawu ba ne. In babba ya aike ka da magana zuwa wani harshe, kada ka zubar da kalmar da ba ka san fassararta ba ka yi shiru. Ka ce ba ka sani ba, a jira a tambaya. Ni yanzu duk saƙon da zan tura wa Baba, sai na mai da shi Hausa na karanta masa abin da na rubuta, ba abin da ya faɗa ba, in ya ce haka ne sannan in tura. Sau biyu ya tsai da ni ya ce ba haka yake nufi ba.

Ina godiya ga Mushenmu na Ingilishi da bai yi mini dariya a gaban aji ba, da malamanmu na Larabci da Faransanci, don da ban san mudari’i da jujjuya fi’ilin Faransanci ba da ban gane inda ƙafata ta zame ba. Ina roƙon duk wanda ya karanta ya sa Baba Ƙarami a addu’a, Allah ya jiƙansa. Mu kuma da za mu zauna jarrabawar BEPC bana, Allah ya ba mu sa’a baki ɗaya. Ƴan ajinmu, a taimaka a riƙa duba wutsiya kafin a miƙa takarda.



Rakiya, ajin ƙarshe na kwaleji